Wa ke da yammacin ɗalibi? Fashin baƙi kan shirye-shiryen ganin dama a makarantun sakandare na Damagaram

A farkon shekarar karatu, cikin watan Oktoba, idan malami ya shiga aji a wata kolej, wato ƙaramar sakandare, ta birnin Damagaram ya sanar cewa zai buɗe kulob na Ingilishi ko na wasan kwaikwayo, hannuwa ne za su tashi ta ko'ina, takardar rubuta suna kuma ta cika gaba da baya kafin a kaɗa ƙararrawa. Wanda ya koma wurin a watan Fabrairu zai tarar da malamin zaune ƙarƙashin dogon yaro tare da ɗaliban da ba su cika benci uku ba, galibinsu maza, galibinsu kuma ƴaƴan unguwannin da ke kusa da makarantar. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya, kuma kusan kullum bayanin da ake bayarwa a ɗakin malamai guda ne, wato yaran yanzu ba su son karatu. Bayanin bai taɓa gamsar da ni ba, domin yaran da suka ɗaga hannu a Oktoba su ne dai suka ɓace a Fabrairu, kuma sha'awar da ta sa suka rubuta suna ba ta ƙarya ba ce. Abin dubawa shi ne abin da ya shiga tsakaninsu da wurin.

Shirye-shiryen da ake magana a kansu su ne duk abin da makaranta ke gudanarwa ba tare da ta wajabta shi a kan ɗalibi ba: kulob na harsuna, na kimiyya, na lafiya ko na kare muhalli, ƙungiyar wasan kwaikwayo, gasar kacici-kacici tsakanin makarantu, ƙwallon ƙafa da sauran wasanni bayan tashi, koyon kwamfuta, da darussan ƙari da ake yi wa ƴan ajin jarrabawa. Ana ce musu na ganin dama, kuma a cikin wannan suna ne kuskuren fahimta yake farawa, domin yana sa a ɗauka cewa damar a hannun ɗalibi take. A Damagaram kuwa, yammacin yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana da masu shi da yawa, shi kansa yaron ne na ƙarshe a cikinsu.

Na farko da ke da haƙƙi a kan wannan lokaci ita ce jarrabawa. A tsarin ilimin Nijar, bayan shekara 6 na firamare ɗalibi yana yin shekara 4 a kolej ya rubuta jarrabawar BEPC, sannan shekara 3 a lise, wato babbar sakandare, ya rubuta jarrabawar BAC, kuma a tsakanin nan kowace shekara sai ya samu matsakaicin maki 10 cikin 20 kafin ya wuce aji cikin kwanciyar hankali. Wanda ya yi ta faɗuwa yana maimaita aji, ƙarshensa kora ce daga makarantar gwamnati, daga nan kuma sai makarantar kuɗi ga mai hali, sai zaman gida ga maras shi. Darussan ma ba nauyi ɗaya gare su ba, domin ana ninka makin wasu fiye da na wasu, ta yadda lissafi da kimiyya ke ɗaukar kaso mai tsoka ga ɗan lise da ke sashen kimiyya na C ko D. Ɗalibin da ya san wannan lissafi, kuma dukansu sun san shi, yana auna kowace awa da abin da za ta ƙara masa a takardar sakamako. Saboda haka darussan ƙari na ƴan ajin ƙarshe ke cika maƙil ko da ana biyan kuɗi, alhali kulob ɗin da ake shiga kyauta yana neman mutane. Ba na ganin laifin ɗalibi a nan. Tsarin da ya gaya masa cewa takarda ɗaya ce za ta yanke makomarsa shi ne ya koya masa yin watsi da duk abin da ba ya cikin takardar, kuma muddin halartar kulob ba ta bayyana ko da da layi ɗaya a sakamakon zango ba, ɗalibi mai hankali zai ci gaba da ajiye ta a baya.

Sai batun nisa da rana, wanda mutanen da ke tsara shiri a ofis suka fi mantawa da shi. Ana tashi daga makaranta ne da rana tsaka, kuma shirin ganin dama yakan faɗo bayan la'asar ko ranar da babu darasi. Ma'anar wannan ita ce ɗalibi ya taka zuwa gida, ya ci abin da ya samu, sannan ya sake takowa, tafiya huɗu ke nan a yini ɗaya. Ga wanda gidansu ke bayan katangar makaranta wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke fitowa daga Kara-Kara ko Garin Malam ko sababbin unguwannin bakin gari zuwa makarantar da ke wani ɓangaren birni, tafiya ce ta gaske, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba kowane jiki ne ke ɗaukarta sau biyu ba. Kabu-kabu yana nan, amma gidan da da ƙyar ya ba yaro dala ashirin ta karin kumallo ba zai ƙara masa kuɗin babur don ya je ya koyi wasan kwaikwayo ba. Wanda ya zaɓi ya zauna a makaranta ya jira kuwa, da yunwa zai jira. A shekarun nan azumi ma yana faɗowa a tsakiyar shekarar karatu, kuma kulob da yawa da suka dakata don azumi ba su sake tashi bayan salla.

Gida shi ne babban mai riƙe da yammacin ɗalibi, kuma a nan ne bambancin mace da namiji ke fitowa fili. Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san abin da ruwa ke nufi a wannan birni. Duk da ruwan da ake jawowa daga wurare irin su Ganaram da Arunguza, akwai unguwannin da famfo ke yin kwanaki bai kawo ba, musamman da bazara, kuma idan ya kawo ba ya duba agogo. Gidan da ke da hali yana saye wurin ƴan garuwa, gidan da ba shi da hali kuwa yaransa ne ke jera jarka a bakin famfo. Yarinyar da ta dawo daga kolej tana tarar da wanke-wanke, da dakan yamma, da ƙannen da za a kula da su, wata kuma da tallar da uwarta ke jira ta ɗauka domin da ribarta ake haɗa kayan ɗakinta. Namiji yana da nasa kason, domin uba na jiransa a rumfa a kasuwar Dole, ko maigidansa a gareji, ko wurin ɗinki, ko shagon gyaran waya. Iyaye da yawa sun riga sun yi sadaukarwa babba da suka saki yaro daga safe zuwa azahar, saboda haka idan makaranta ta sake neman yammacinsa sukan ji kamar ta wuce gona da iri.

Akwai kuma makarantar allo da Islamiyya, waɗanda suka riga kulob kama wannan lokaci da daɗewa. A gidaje masu yawa tsarin a bayyane yake: safiya ta boko, yamma ta karatun addini. Malamin da ya sa kulob ɗinsa daidai lokacin Islamiyya ya sa yaro ya zaɓi tsakanin abu biyu da bai kamata a haɗa su gasa ba, kuma kowa ya san wanda iyaye za su zaɓa masa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ba a cika tambayar ɗalibai wannan ba kafin a tsayar da rana, alhali tambaya ɗaya a aji ta isa ta nuna ranakun da yawancinsu ba su da karatun yamma. Makarantun allo bisa al'ada suna hutun Alhamis da Juma'a, amma Alhamis ɗin ita ce ranar babbar kasuwar Damagaram, don haka ko ita sai an auna.

Game da ƴan mata, aiki rabin matsalar ne kawai, ɗaya rabin kuwa amana ce. Na taɓa raka wani malami gidan wata ɗalibarsa da ta fi kowa iya Ingilishi a ajinta amma ta daina zuwa kulob bayan mako uku. Muka tarar da mahaifinta a zaure, ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa sosai. Da malamin ya faɗi abin da ya kawo mu, dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce: "Malam, ni ban ƙi karatu ba, da na ƙi da ba ta kai inda take ba. Amma ka gaya mini, wa ke wurin in ban da kai? Ƙarfe nawa ake tashi? Wa zai rako ta idan magariba ta yi?" Malamin ya ce: "Baba, gaskiyarka, ban zo na yi maka wannan bayani tun farko ba." Tambayoyin nan uku su ne zuciyar al'amarin. Uban yana tsoron bakin mutane, yana tsoron hanya, kuma bai san kowa a makarantar ba. Da aka dawo da lokacin kulob ɗin gaba kaɗan yadda za a tashi da sauran rana, aka samu wata malama ta riƙa zama tare da su, aka kuma haɗa yarinyar da ƴan unguwarsu biyu su riƙa tafiya tare, sai ta dawo. Ba a kashe ko dala ba wajen warware wannan, takawa zuwa zaure kawai aka yi.

Ba kowace yarinya ce ke samun irin wannan uba ko irin wannan malami ba. Alƙaluman da hukumar UNICEF ta daɗe tana bayarwa sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma shekarun kolej su ne daidai shekarun da maganar aure ke tasowa. Yarinyar da aka fara yi mata wannan magana, abu na farko da ake yanke mata shi ne fitar da ba ta zama dole ba, tun kafin a kai ga makarantar kanta. Gwamnati ta fitar da doka a ranar 5 ga Disamba 2017 don kare karatun ƴa mace da tallafa mata har ta kai shekara 16, kuma a 2021 an buɗe gidan kwanan ɗalibai mata a Kelle, cikin gundumar Gure. Amfanin irin wannan gida ga batunmu a fili yake, domin yarinyar da ke kwana kusa da aji ba ta da matsalar hanya, ba ta da layin famfo, yammacinta kuma nata ne da littafinta.

Wannan ya kawo mu ga ƴan ƙauye, waɗanda a ganina su ne aka fi zalunta idan ana maganar rashin sha'awa. Yaron da ya gama firamare a ƙauyen da babu kolej, ko ya samu BEPC a inda babu lise, dole ya zo Mirya ko Magarya ko Matamaye ko Damagaram ya sauka a gidan wani, ɗan uwa ne ko abokin mahaifinsa. Zaman gidan wani yana da ka'idarsa da ba a rubuta ba: wanda ake ciyarwa shi ake aika, kuma ba ya cewa yana da kulob. Ƙarshen mako kuma yakan koma gida ya ɗauko hatsi ko ɗan guzuri, saboda haka duk shirin da aka sa ranar Asabar ya wuce shi. Farkon shekara yakan makara saboda girbi, ƙarshenta kuma damina na kiransa gona. A tsakani akwai ci-rani, wanda ya zama jinin jikin wannan yanki, daga masu tsallakawa Kano zuwa masu nufar Libiya da Aljeriya, kuma yankin Kance ya yi suna a wannan tafiya har da mata da yara. Yaron da yake ganin tsaransa sun dawo da waya da babur yana buƙatar hujja mai ƙarfi kafin ya yarda cewa awa biyu a kulob na kimiyya za su kai shi wani wuri.

Ta ɓangaren makaranta, kusan kowane shiri na ganin dama a kan mutum ɗaya yake tsaye. Malami ne guda ya ga dama, ya ba da yammacinsa kyauta, wani lokaci har da allinsa da kuɗin buga takardu. Malamai da yawa a Nijar ƴan kwantaragi ne, abin da suke samu kaɗan ne kuma yakan makara, saboda haka yammacin nan da ake so su bayar shi ne lokacin da suke koyarwa a makarantun kuɗi ko a gidajen mutane don cike giɓi. Ranar da aka yi wa wannan malami canjin wurin aiki, ranar kulob ya mutu. Yajin aiki, na malamai ne ko na ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN, yana cinye makonni, kuma idan aka dawo kowa ƙoƙarin kammala manhaja yake yi. Ɗalibi kuwa idan ya tako sau biyu cikin rana ya tarar da ƙofa a rufe, ba ya zuwa na uku, kuma babu mai hankalin da zai ce ya yi laifi.

Kayan aiki ma suna da nasu tasiri. Ajin zana, wanda ba a kafa shi sai an yi girbi an samu kara, ba wurin ajiye littafi ko kwamfuta ba ne. Inda aka yi sa'a akwai ɗakin kwamfuta, sai wuta ta zama matsala, domin Damagaram ta daɗe tana dogara da lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, kuma kowa na tuna halin da aka shiga lokacin da aka yanke shi a Agustan 2023 har zuwa Maris 2024. Shirin da ƙungiyar agaji ta kawo da riguna da lemo yakan cika wuri, amma yawancin irinsa yana ƙarewa ne ranar da kuɗin aikin suka ƙare, ya bar ɗalibai da tunanin cewa kulob ɗin da ba a raba komai a cikinsa ba shi da daraja. Wannan ɓarna ce da ke daɗewa ba ta gyaru ba.

Akwai wani dalili da ba a faye ambata ba saboda ba a ganinsa da ido, shi ne kunyar harshe. Yawancin kulob da Faransanci ake gudanar da su, kuma ɗalibai da yawa suna isowa kolej ba su iya haɗa jimla biyu da shi ba tare da tuntuɓe ba. A aji yaro na iya ɓuya a bencin baya, amma a kulob na muhawara ko wasan kwaikwayo dole ya tashi ya yi magana, kuma dariya ɗaya daga abokai ta isa ta kore shi har abada. Sakamakon shi ne kulob ya zama dandalin waɗanda dama sun iya, ƴaƴan ma'aikata da waɗanda suka yi firamare mai kyau, wanda ya fi buƙatarsa kuma ya tsaya a waje. Na lura cewa duk lokacin da aka bari a yi wasan kwaikwayo da Hausa, yaran da ba a taɓa jin muryarsu a aji ba su ne ke ƙwace fage, kuma daga nan ne wasunsu ke samun ƙarfin halin gwada Faransancin. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, babu dalilin da zai sa shugaban makaranta ya ji nauyin buɗe kulob da Hausa. Ingilishi kuwa ba ya buƙatar talla a garin da ke da nisan kilomita kusan 240 daga Kano, domin yara na ganin amfaninsa a kasuwa da cikin waya.

Abokai su ne ke ƙarasa hukuncin. Saurayin Damagaram yana da fadarsa, inda ake dafa shayi ana hira, kuma a can ne ake yanke abin da ya dace da namiji da abin da ake ɗauka na yara ne. Idan biyu daga cikin ƴan fada suka shiga ƙungiyar ƙwallo ko kulob, sauran sukan bi, idan kuma aka yi wa abin ba'a sau ɗaya, shi ke nan. Saboda haka malamin da ke gayyatar ɗalibai rukuni-rukuni, ƴan unguwa ɗaya ko abokan tafiya, ya fi samun masu ɗorewa a kan wanda ke jiran kowa ya zo shi kaɗai.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa yara ba su son karatu tana nan a titunan birnin da dare. Idan jarrabawa ta matso, za ka ga ƴan ajin ƙarshe sun jingina allo a bangon wani gida ko sun shafa wa bangon baƙin fenti, su biyar ko shida ƙarƙashin fitila, ɗaya na warware lissafi sauran na gyara masa, har dare ya raba. Babu wanda ya tilasta musu, babu malami, babu takardar rubuta suna. Su suka zaɓi lokacin da ya dace da su, bayan isha'i, lokacin da aiki ya ƙare kuma gari ya yi sanyi. Su suka zaɓi wurin, cikin unguwa inda iyaye ke ganinsu. Da Hausa suke yi wa juna bayani idan Faransanci ya cije, kuma kowannensu ya san abin da zai samu. Duk sharuɗɗan da kulob ɗin makaranta ya kasa cikawa, wannan allo na bango ya cika su.

Kwamitin kula da makaranta, wato COGES, da ƙungiyar iyaye da ta uwaye mata suna da ikon ɗauko darasi daga wannan allo ba tare da jiran kasafin kuɗi daga Yamai ba. Za su iya zama da limamai da malaman Islamiyya na unguwa a raba ranaku, su nemi a manna kulob da ƙarshen darasin safe don a rage tafiya ta biyu, su sa malamai biyu a kan kowane shiri, mace da namiji, su ware wani abu daga kuɗin da iyaye ke tarawa don ɗan abin taɓawa ga masu jira, su kuma roƙi ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke zaune a unguwannin su riƙa taimakawa. A allon daren nan ma akwai waɗanda ba a gani, domin da wuya ka tarar da mace a wurin bayan isha'i, kuma ɗan ƙauyen da ke zaune a gidan wani sau da yawa a lokacin ne yake kai jarka ta ƙarshe gida.